Tofin da Na Yi a Tulun Ummaru

A shekarar da ruwan damina ya kayar da katangar masallacin unguwarmu a Ƙofar Rini, har muka koma yin sallah ƙarƙashin rumfar kwano, a shekarar ce na je ƙasar Japan wurin ɗana Ummaru. Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Mutum zai zo rumfata a kasuwa sayen tiya ɗaya ta gero, ya zauna kan buhu, ya nemi labarin tafiyar tun daga farko. Alhaji Buba mai atamfa, maƙwabcina a kasuwa, kullum tambayarsa ɗaya ce: "Sa'idu, ka hwaɗi mani gaskiya, bam ɗiyanka yaka haɗawa ko mi?" Da na yi wa Malama Rifkatu ƙorafi, wadda ke koya mana karatu a ajin yaƙi da jahilci a Gawon Nama, sai ta ce, "Baba Sa'idu, ai ka iya rubutu yanzu. Rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya bar ka ka auna geronka." Shi ne na zauna na rubuta.

Ummaru shi ne babban ɗana. Ya yi karatun kimiyya a nan Sakkwato, ya samu tallafi ya tafi can neman digirin dakta. Tallafin ya zo ƙarshe a wannan shekarar. Abin da ya rage masa shi ne mako guda da aka ware masa ya yi gwajinsa a kan injin makarantarsu, domin injin ɗaya ne, ɗalibai da yawa, kowa da layinsa. In gwajin ya yi kyau, ya rubuta ya gama ya dawo gida. In bai yi ba, layi ba zai sake zagayowa kansa ba sai baɗi, kuma babu wanda zai riƙe shi har baɗi. Ya ce yana so in zo in ga aikin da idona kafin ya bar wurin.

Mahaifiyarsa Nana ita ta haɗa mini kaya: kilishi, daddawa, kuka, yaji. Ranar tafiya ta tsayar da ni a zaure.

"Malam, saƙona guda na. In ka isa, ka tofa mishi addu'a a kan abin aikin nashi. Ba daga nesa ba. A kan abin."

Na ce to. Haka muke yi. Ranar da na buɗe rumfa mahaifina ya tofa a kan mudun awo, ranar da ƙanen Ummaru ya sayi babur na tofa a kan sirdi. Ban ga wata wahala a saƙon ba.

Daga Sakkwato mota na shiga zuwa Abuja, ta Jega da Yawuri da Kwantagora. Hanya ta jijjiga mu sosai. Taya ta fashe mana kafin Yawuri, direba ya duba ya tarar safayar ma ba iska, muka zauna gindin wata bishiya muna cin ɗanyar gyaɗa har wani mai babur ya kai tayar gari ya dawo. Wata 'yar kasuwa da ke gefena ta ji inda za ni, ta ce in tambayar mata farashin keken ɗinki. Na yi alkawari, na kuma manta.

Jirgi kuwa ban taɓa shiga ba. Da ya ɗaga, cikina ya zauna a ƙasa ya bar ni na tafi. Mun sauka wata ƙasar Larabawa muka canza jirgi, sannan aka yi doguwar tafiyar da rana ta rikice mini, ban san azahar ba ban san la'asar ba. Wani Bature da ke kusa da ni ya ga ina ta leƙen taga ina duban agogo, ya taɓa ɗan allon da ke gabana ya nuno mini alƙibla. Ban san sunansa ba, amma na sa shi a addu'a.

A filin jirgin Japan ne aka fara yi mini asara. Na ɗauko jakata ke nan, sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga, wata ma'aikaciya na riƙe da igiyarsa. Ya wuce kowa, ya zo ya zauna gaban jakata kamar wanda aka aiko. Ina janye rigata kada ya shafe ni, ita kuma tana ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta kai ni wani tebur. Ashe ba a shiga ƙasar da nama, kowane iri. Suka fito da kilishin Nana, suka nuna mini hoto a bango, suka ɗauke. Mutumin da ya ɗauke ya fi ni nuna baƙin ciki, sai haƙuri yake ba ni da hannu biyu. Da ya kwance ƙullin daddawa kuwa, ya shinshina, ya kira abokin aikinsa shi ma ya shinshina, suka yi dariya suka mayar mini. Daga baya na gane dalili. A nan ne kuma na sa hannu a takarda da sunana cikakke, ba da dangwalen yatsa ba, na tuna Malama Rifkatu.

Ummaru na jirana a waje. Ya rame. Ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar mutane ya gaishe ni, babu wanda ya waiwayo, domin su ma mutanen sunkuyo ne.

Ɗakinsa bai kai rumfata ba. A bakin ƙofa ake tuɓe takalmi, a ƙasa ake shimfiɗa a kwanta, da safe a naɗe. Wannan duk kamar gida. Banɗaki ne ya ci ni. Babu buta, sai maɓallai a gefen wurin zama. Na danna ɗaya don in ga aikinsa alhali ina tsaye, ruwa ya yi tsiri ya jiƙe mini gaban riga har wuya. Ummaru na jin motsina ya ce ta bayan ƙofa, "Baba, zamna tukuna kahin ka danna." Bayan na gane shi, na ce da za a kawo irinsa masallacinmu da an huta da rigimar buta.

Abinci shinkafa ce safe da yamma, ba mai ba gishiri, a ci da kifi. Ɗanyen kifi na ce a kai kasuwa. Amma akwai wani waken suya da suke ruɓarwa, mai yauƙi, suna ci da safe. Ina kai shi hanci na ce wannan ai daddawa ce da aka sauke ba ta ƙarasa ba. Shi ya sa mutanen filin jirgi suka yi dariya, sun ji ƙamshin gidansu. Na barbaɗa masa yajin Nana, ya shiga lafiya.

Abin da ban saba da shi ba har na dawo shi ne shiru. Jirgin ƙasa cike da mutane, ba mai cewa uffan. Na yi sallama ranar farko, Ummaru ya taɓa mini hannu. Wata tsohuwa ce kaɗai a gidan da yake haya ta yi daidai da ni. Ta sunkuya, na sunkuya na ce ina kwana. Ta sake sunkuyawa, na ce ina gajiya. Ta ƙara, na tambayi iyali, na tambayi sanyi. Ita tana jiran in daina, ni ina jiran ta daina, sai da Ummaru ya ja ni.

Yanzu ga amsar Alhaji Buba. Ba bam ba ne. Zan faɗa yadda Ummaru ya fahimtar da ni, in na yi kuskure nawa ne. Kowane abu a duniya, gero ko ƙarfe ko jikin mutum, an gina shi da ƙwayar zarra wadda ido ba ya gani. A cikin ƙwayar akwai wasu 'ya'ya, ɗaya daga ciki sunansa nutiron. In aka fizgo nutiron waje ba ya daɗewa, kamar kwata na awa ne sai ya rikiɗe ya zama wani abu. Masana na so su kama shi su auna shi da kyau, don su ƙara gane yadda aka tsara halitta. Matsalar ita ce in ya fito, gudu yake kamar walƙiya, yana ratsa bango.

Injin nasu dogon bututu ne a cikin ɗaki mai kaurin katanga. Yana harba wasu ƙwayoyi su daki wani ɗan faifan ƙarfe, nutiron su fantsamo. Daga nan sai a bi da su ta cikin ruwa su rage gudu, a bi da su ta cikin wani abu mai sanyin da ƙanƙara wuta ce a kansa, su ƙara ragewa. Na ce kamar yadda ake fifita kunu daga ƙwarya zuwa ƙwarya. Ya ce haka ne. A ƙarshe kaɗan daga cikinsu sukan yi sanyi har gudunsu bai fi na mai keke ba. Waɗannan ba sa iya ratsa bango mai kyau, sai su riƙa dukansa suna dawowa. Su ake tarawa a tulun ƙarfe, a rufe, a jira, a buɗe a ƙirga waɗanda suka rage. A da sai manyan wurare masu tukunyar nukiliya ke iya wannan. Aikin Ummaru shi ne ya nuna ƙaramin inji ma zai iya, irin wanda jami'a za ta iya ajiyewa, ko da a bayan Dundaye ne, inda jami'armu ta Sakkwato take. Da ya faɗi Dundaye na kalle shi, na ga ba wasa yake ba.

Ana gobe makonsa zai fara ya kai ni in ga tulun kafin a rufe shi. Aka maƙala mini wani ɗan abu a ƙirji mai auna ko wani haske mai cutarwa ya taɓa ni. Aka sa mini farar riga, da hular leda, da safar hannu, da takunkumi. A ƙofar ɗakin muka gamu da Malam Sato, dattijo mai furfura, wanda shi ke kula da injin tun kafin Ummaru ya zo. Shi da Ummaru suka goge cikin tulun, aikin makonni.

"Baba, don Allah kak ka taɓa komi," in ji Ummaru.

Na mayar da hannuwana baya na riƙe. Tulun na kwance kan tebur, bakinsa a buɗe, cikinsa na sheƙi kamar madubi har na ga fuskata a miƙe. Sai wata ɗaliba ta ƙwanƙwasa gilashi ta kira Ummaru, ya juya yana amsa mata. Na ce ga lokacin saƙon Nana. Na sauke takunkumi da yatsa ɗaya, na karanta abin da ya sawwaƙa, na sunkuya na tofa sau uku a cikin bakin tulun. Na mayar da takunkumi, na mayar da hannu baya. Ban taɓa komai ba.

Da na ɗago sai na ga Malam Sato ta cikin gilashi, ya dafe kansa da hannu biyu.

Ummaru bai ɗaga murya ba. Ya haska cikin tulun da 'yar fitila, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, danshin baki da maiƙonsa suna cinye irin waɗannan nutiron ɗin. Ko shatin yatsa ɗaya ya isa ya rage su. Dole a kwance tulun, a wanke, a gasa shi ya bushe, a zuƙe iskar ciki. Kwana biyu aƙalla, daga cikin makonsa.

A jirgin ƙasa muka zauna shiru kamar 'yan ƙasar. Sai da muka tuɓe takalma a ɗaki ya ce, "Baba, wa yac ce ka yi?"

"Innarka."

Kamar tana ji, sai ga wayarta. Ummaru ya sa a fili.

"Malam, ka tofa?"

"Na tofa."

"A kan abin?"

"Cikinshi ma."

"Alhamdu lillahi. Yanzu hankalina ya kwanta. Ummaru, ka ji? Aikinka ya yi kyau ya gama."

Ummaru ya ce, "Na ji, Inna. Na gode." Da ta kashe, ya kifa kansa a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Na ɗauka kuka yake. Dariya ce, amma da hawaye a cikinta. Ni dai ban yi dariya ba. Na san shekarun da yaron ya zuba a wurin nan, na kuma san bakina ne ya taɓa su.

Da safe na ce ya kai ni wurin Malam Sato. Ya ce ba sai na je ba, ya riga ya ba da haƙuri. Na ce wanda ya yi ɓarna shi ke zuwa da ƙafarsa. Na ɗauki sabuwar hulata ta zanna wadda na ajiye don ranar dawowa, na kai masa da hannu biyu yadda na ga suna yi. Ummaru na fassara. Dattijon ya ce abu ɗaya yake so ya sani: me na yi, kuma don me? Na gaya masa addu'a ce, uwar yaron ta aiko, kuma a wurinmu haka ake sa albarka a kayan sana'a.

Sai ya ce mu biyo shi. Ya kai mu bangon waje na ɗakin injin, ya nuna wata 'yar takarda mai rubutunsu a manne sama da ƙofa. Ya ce duk sabuwar shekara yakan je wurin ibadarsu ya roƙa wa injin da ɗaliban lafiya, ya karɓo wannan. Ya faɗi wata magana yana nuna ƙofar, Ummaru ya yi murmushi kafin ya fassara.

"Ya ce tashi addu'ar a nan take tsayawa, ba ta shiga da takalmi. In kana so, ga bango nan, ka tofa iya son ranka."

Addininmu ba ɗaya ba ne, ban kuma ce takardarsa daidai take da abin da na karanta ba. Amma na gane mutumin, shi ma ya gane ni. Ya sa hular a kansa a karkace, na gyara masa.

Wankin ya faɗo a ranakun hutunsu. Malam Sato ya zo duk da haka, ɗalibar nan da ta ƙwanƙwasa gilashi ita ma ta zo, wai da ba ta kira Ummaru ba da abin bai faru ba. Ni aka ba ni kujera a baranda. Can na zauna da carbina da littafin karatuna na aji, ina kallonsu ta gilashi. Zaman jira ba baƙona ba ne, mai rumfar hatsi ya san shi. In sun fito shan shayi, in miƙe, su sunkuya, in sunkuya. Farfesarsu, wata mace marar yawan magana, ta wuce sau ɗaya, ta tsaya ta ce wa Ummaru ya gaya mini ba ni ne na farko da ya ɓata tulu a ɗakin nan ba, amma ni ne na farko da ya yi da kyakkyawar niyya.

Ranar da aka kunna injin, bayan azahar, suka bar ni na shiga ɗakin da suke kallo. Ba ƙara ba hayaƙi, allo ne kawai da lambobi. Aka cika tulun, aka rufe, aka jira. Ummaru ya riƙe bayan kujera, idonsa a kan allon. Aka buɗe. Lamba na iya karantawa tun kafin in shiga aji, saboda awo. Sifili na gani, ya tsaya kamar ba zai motsa ba. Sai ya koma ɗaya. Sai uku. Daga nan suka riƙa hawa har na daina bi. Malam Sato ya tafa hannu a hankali, da hulata a kansa. Ummaru ya fita baranda ya yi sujada a kan tayil. Na bi shi, na je bangon nan na waje, na karanta, na tofa.

Awo iri uku ya shirya yi a makon. Biyu ya samu. Farfesa ta duba ta ce biyun sun isa digiri. Na ukun, wanda ya fi ƙwallafa rai a kai, lokaci bai kai ba, wani ɗalibi ne zai yi shi bayansa da sunansa. Ummaru bai taɓa ambata mini wannan da bakinsa ba. Ɗalibar ce ta faɗa mini ta wayarta mai fassara, ta ɗauka na sani.

Na dawo gida na yi kwanaki ban gaya wa Nana ba. Da na yanke shawarar rubuta wannan, na ga bai dace ta ji a bakin matar Alhaji Buba ba. Na zaunar da ita na faɗa mata duka. Ta saurara tana tsince shinkafa.

"Sunka sake wankewa?"

"Sunka sake."

"Kuma abin ya yi?"

"Ya yi."

"To wa ya sani ko wankin farko bai fita ba?"

Na bar ta a haka. Ummaru ya gama rubutunsa, yana hanyar dawowa kafin damina. Ina gode wa Allah, ina gode wa dattijon da ya ba da ranakun hutunsa saboda kuskuren baƙo, da yarinyar da ta ɗauki laifin da ba nata ba, da yaron da ya ce wa uwarsa "na gode" alhali ransa a ɓace.

Abin da aka rasa a tafiyar: kilishi ƙulli biyu, hular zanna ɗaya wadda ban yi da-na-sanin ta ba, kwana biyu daga makon Ummaru, da awonsa na uku.